Hannu nawa wayarki ke shiga a rana? Yadda za ki share sawunki a intanet

Uwargida, tsaya ki ƙirga hannun da wayarki ta shiga daga jiya zuwa yau. Auta ya karɓa zai kalli katun, babbar 'yarki ta ara za ta duba aikin makaranta, maƙwabciya ta shigo ta ce katinta ya ƙare ki ba ta ta kira maigidanta. Da yamma babu wuta, kin ba almajirin gidan ya kai ta wurin mai caji a bakin layi. Wannan ita ce rayuwar waya a yawancin gidajenmu, daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, daga Badarawa da Malali zuwa Unguwar Shanu da Tudun Wada. Sunan wayar taki ce, amma ta gida ce.

A cikin wannan wayar ne kuma kika tambayi Google abin da ba ki iya tambayar kowa ba: alamomin shigar ciki tun kafin ki faɗa wa maigida, maganin sanyin da ke damunki, ma'anar sakamakon gwajin da aka ba ki a Asibitin Barau Dikko, ko hukuncin wata matsala ta aure. A cikinta kike shiga asusun banki, kike lissafin adashe, kike ajiye lambar NIN ta yaranki. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To ita waya ba ta san wannan karin maganar ba. Duk wanda ya buɗe ta ya san inda zai taɓa, za ta faɗa masa.

Abubuwa huɗu da burauza ke ajiyewa

Burauza ita ce manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita. A wayoyinmu an fi samun Chrome da Opera Mini, da Phoenix wadda ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix da itel da dama, sai Safari ga masu iPhone. Kowacce a cikinsu tana ajiye abubuwa huɗu, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganin.

Na farko shi ne tarihin bincike, wato jerin shafukan da kika shiga, da rana da lokaci. Shi ya sa idan ɗanki ya rubuta harafi biyu ko uku a wurin bincike, sai wayar ta ƙarasa masa da abin da kika nema shekaranjiya. Ba sai ya yi bin diddigi ba, ita da kanta za ta miƙa masa.

Na biyu shi ne ma'ajiyar wucin-gadi, wadda masu waya ke kira kash. Idan kika buɗe shafi, burauza tana ɗebe hotunansa da tambarinsa da wasu fayiloli ta adana a cikin wayar, domin idan kin dawo gobe kada ta sake sauko da su. Kamar dai yadda kike sayen kayan miya na mako guda ki ajiye, maimakon aiken yaro Kasuwar Kawo kowace safiya. Amfaninta sauri da tattalin data. Illarta kuwa, tana cinye wuri, wani lokaci ta riƙa nuna miki tsohon shafi alhali an sabunta shi, kuma wanda ya san kan na'ura zai iya gane shafukan da aka buɗe daga abin da ya rage a cikinta.

Na uku su ne kukis. Ƙananan bayanai ne da shafi ke ajiyewa a wayarki domin ya gane ki idan kin dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro su a kamfanin Netscape na Amurka a 1994. Su ne ke sa ki buɗe Facebook ko Gmail ki tarar kina ciki ba tare da an sake tambayarki kalmar sirri ba. Ki ɗauke su kamar katin asibiti: duk wanda ya riƙe katin, da sunanki za a kira shi. Haka kuma 'yan talla na amfani da su wajen bin ki daga shafi zuwa shafi. Kin duba kayan jarirai sau ɗaya, sai tallan kayan jarirai ya yi ta fitowa, har wanda ya ari wayar ya fara zargin ko akwai labari.

Na huɗu su ne kalmomin sirri da bayanan cike fom. Duk lokacin da wayar ta tambaye ki ko ta adana kalmar sirri kika amsa mata, ta adana. Haka suna, adireshi, lambar waya, wani lokaci har lambar katin banki.

Mutane da yawa suna jin an ce "share kash" sai su share ita kaɗai su kwanta da murna. A cikin huɗun nan, kash ce mafi ƙarancin haɗari. Share ta kaɗai ba ya goge tarihin bincike, ba ya fitar da ke daga asusunki, ba ya taɓa kalmomin sirri. Wadda ta share tsakar gida ta bar ɗaki a buɗe ba ta gama aiki ba.

Yadda ake sharewa, mataki-mataki

Rubutun wayoyinmu da Turanci yake, don haka ga kalmomin kamar yadda za ki gan su a fuskar wayar.

A Chrome, taɓa ɗigo ukun da ke sama ta hannun dama. Zaɓi History, sannan Delete browsing data. A tsofaffin wayoyi Clear browsing data aka rubuta, duk abu ɗaya ne. Za a ba ki zaɓin lokaci: daga mintuna 15 da suka wuce, ko awa 24, ko kwana 7, ko mako 4, ko kuma All time, wato tun farkon fara amfani. Daga nan ki sa alama a kan abin da kike son gogewa. Browsing history shi ne tarihi, Cookies and site data su ne kukis, Cached images and files ita ce kash. Sai ki taɓa maɓallin gogewa.

Kafin ki goge kukis ko kalmomin sirri, ki tabbata kin san kalmomin sirrinki da ka, ko kin rubuta su a wani littafi da kike ɓoyewa. Mata da yawa sun rasa shafin Facebook ɗin da suke tallan atamfa ko turaren wuta a kai, ba don an sace ba, sai don sun fita sun kasa komawa.

A Opera Mini da Phoenix, ki shiga Settings na cikin manhajar ki nemi inda aka rubuta Clear browsing data ko Clear data. A iPhone kuwa, ki buɗe Settings na wayar, ki nemo Safari, ki taɓa Clear History and Website Data.

Sauran manhajoji ma kowacce na da tata kash. A wayar Android, ki shiga Settings, sannan Apps, ki zaɓi manhajar, ki taɓa Storage. A nan za ki ga maɓallai biyu kusa da juna, kuma a nan ake yin ɓarna. Clear cache ba ya cutar da komai. Clear data ko Clear storage kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Idan kika taɓa shi a WhatsApp ba tare da kin adana hirarrakinki ba, sai dai haƙuri.

Sau nawa ya kamata a share? Ba kullum ba. Duk lokacin da kika share kash, shafukan da kika saba shiga sai sun sake sauko da hotunansu, wato ƙarin data. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ba wadda ke son ɓarnar data. Sau ɗaya a wata ya isa ga kash. Tarihin bincike kuwa, ki share shi duk lokacin da kika nemi abin da ba ki son a gani. Zaɓin mintuna 15 ɗin nan don haka aka yi shi.

Sharar da ba ta kai ko'ina ba

Akwai sawun da ba a cikin wayar yake ba. Idan kin shiga da asusun Google, abin da kika bincika da bidiyon da kika kalla a YouTube suna ajiye a wurin kamfanin, a ƙarƙashin sunanki. Ki rubuta myactivity.google.com a burauza, za ki ga jerin da zai ba ki mamaki. A nan za ki iya gogewa, ki kuma umarci Google ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36.

Wannan asusun yana da wata matsala da ta zama ruwan dare a garin nan. Ranar da aka sayo wayar, a shagunan titin Ahmadu Bello ko kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sau da yawa yaron shago ne ke buɗe wa mace Gmail, shi ya zaɓi kalmar sirrin, galibi lambar wayarta ko shekarar haihuwarta. Shekaru sun wuce ba ta canza ba. Idan haka taki take, ki canza yau. Haka nan idan kin ba 'yarki ko ƙanwarki tsohuwar wayarki ba tare da kin cire asusunki ba, abin da kike bincika a sabuwar zai iya fitowa a tsohuwar, har da hotuna. Ki shiga Manage your Google Account, ki taɓa Security, ki duba Your devices. Duk na'urar da ba ki gane ba, ko wadda ta bar hannunki, ki fitar da ita.

Sannan share tarihi ba ya goge abin da kika sauke. Takardar sakamakon gwaji ko hoton katin shaida suna nan a Downloads har sai kin shiga kin goge su da hannunki. Hoton da kika goge ma yakan zauna makonni a kwandon sharar manhajar hotuna kafin ya ɓace.

Incognito: abin da yake yi da wanda ba ya yi

Rigakafi ya fi magani. Idan tun farko kin san abin da za ki nema na sirri ne, ki taɓa ɗigo ukun nan ki zaɓi New Incognito tab. Fuskar za ta yi duhu. Duk abin da kika buɗe a ciki, da zarar kin rufe shafin, wayar ba za ta riƙe tarihinsa ko kukis ɗinsa ba. Sharaɗin shi ne ki rufe. Idan kika bar shi a buɗe kika miƙa wayar, kamar ba ki yi ba.

Amma kada ki ɗauka layar zana ce. Incognito yana ɓoye sawunki ne daga mutanen gida kawai. Kamfanin layinki, da mai Wi-Fi ɗin ofis ko makaranta, da shafin da kika shiga, duk suna iya sanin kin zo. A 2020 wasu masu amfani da Chrome sun kai Google ƙara a jihar Kalifoniya ta Amurka kan cewa yana tattara bayanansu ko da suna cikin Incognito. A watan Afrilun 2024 aka bayyana sulhun da aka yi, inda kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma ƙara fayyace gargaɗin da ke fitowa idan an buɗe shafin.

Shagon intanet: inda aka fi barin ƙofa a buɗe

Duk uwar da ke da ɗan sakandare ta san wannan zirga-zirgar. Duba sakamakon WAEC ko NECO, buga takardar JAMB, cike fom na Jami'ar Jihar Kaduna ko Kaduna Polytechnic, neman lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN ga duk mai rajista. Ke nan a zama ɗaya yaro zai shigar da NIN, ranar haihuwa, hotonsa, imel, wani lokaci har BVN da lambar asusun banki, a kwamfutar da mutum ashirin za su zauna a kai bayan ya tashi.

Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halalinsu. Sai dai mai shago ba zai tsaya a kan kowane kwastoma ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki koya wa ɗanki waɗannan kafin ya fita, ko ku je tare.

Ya fara da buɗe shafin sirri: ya danna Ctrl da Shift da N a tare idan Chrome ce. Idan kwamfutar ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, ya ƙi. Da ya gama, ya fita daga asusunsa ta Log out ko Sign out, domin rufe shafi kawai ba fita ba ne. Sai ya danna Ctrl da Shift da Delete, ya goge tarihi da kukis da kash. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: ya duba Downloads da fuskar kwamfutar, ya goge takardun da aka sauke ko aka ɗauki hotonsu, ya kuma zubar da Recycle Bin.

Idan mai shagon ne ke cike fom ɗin, to imel da lambar wayar da za a sa su zama na yaron ko naki. Kada a yarda ya sa nasa don sauri, domin duk saƙon da makaranta ko JAMB za ta turo, da hanyar canza kalmar sirri, sun koma hannunsa. Idan an tura masa takardu ta WhatsApp don ya buga, a roƙe shi ya goge a gabanku. Idan kuma an haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, ki shiga Linked devices a wayarki ki cire kafin ku bar wurin. In ba haka ba, saƙonninki za su ci gaba da fitowa a can kina gida.

Mai caji, mai gyara, mai saye

A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, kowa ya ga yadda wayoyi suka taru a teburan masu caji. A irin wannan wuri, share tarihi ba shi ne babbar kariya ba. Kulle fuskar waya ne, da lambar da ba shekarar haihuwarki ba, ba kuma 1234 ba. Ki kashe wayar kafin ki bayar.

Layin ma yana buƙatar nasa makullin. Wanda ya zare SIM ɗinki ya sa a wata waya, saƙon banki da lambobin tabbatarwa wurinsa za su je. Ki nemi SIM lock a cikin Settings ki sa masa PIN. Ki kula: idan aka yi kuskuren PIN sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ciro SIM ɗin, ko a ofishin kamfanin layin.

Idan gyara za a kai, ki cire SIM da memori. Canza gilashi ko batir ko wurin caji ba dole ne sai da lambar buɗe wayarki ba. Idan mai gyara ya ce zai gwada, ki buɗe masa da hannunki kina tsaye. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har a gama gyara.

Idan kuwa sayarwa za ki yi ko kyauta, gogewa ɗaya-bayan-ɗaya ba ta isa ba. Ki kwashe abin da kike so, ki cire asusun Google, sannan ki yi Factory reset, wato mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Idan yaro ne ke sharewa fa?

Abin da kika koya yanzu, mai yiwuwa ɗanki ɗan shekara goma sha uku ya riga ki sani. Idan yaro ya yi awa guda da waya kika duba tarihi kika tarar wayam, wannan ma labari ne. Ba dalilin duka ba ne, dalilin zama a yi magana ne. Ki tambaye shi me yake kallo, ki gaya masa me ya sa wasu abubuwan ba su dace da shi ba, ki kuma kafa dokar cewa a falo ake amfani da waya, ba a ƙarƙashin bargo ba.

Ga ƙananan yara, Google na da manhaja kyauta mai suna Family Link. Da ita za ki buɗe wa yaro asusunsa daban, ki ƙayyade lokacin da zai yi, ki tace shafukan da zai shiga, kuma asusun yaro da ke ƙarƙashinta ba ya buɗe Incognito. Idan wayarki za ki miƙa wa auta, ki nemi App pinning ko Screen pinning a Settings. Yana kafe wayar a kan manhaja ɗaya, ba zai fita daga katun ya faɗa WhatsApp ɗinki ya tura wa rukunin matan unguwa abin da ba a shirya ba.

Sirri haƙƙinki ne

Wata za ta ce, ni ba ni da abin ɓoyewa. Ai labulen ƙofar ɗakinki ma ba don kina aikata laifi kika sa shi ba. Rufin asiri ne. Rashin lafiyarki, kuɗin sana'arki, da lambobin shaidar 'ya'yanki amana ce, ke ce kuma za ki zaɓi wanda zai sani da lokacin da zai sani.

Doka ma ta san da haka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ki damar neman kamfani ya gaya miki bayananki da yake riƙe da su, ya gyara ko ya goge, tare da damar kai ƙorafi idan an yi wasa da su. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Sai dai hukuma ba za ta zo Unguwar Rimi ta kulle miki waya ba. Wannan aikin hannunki ne.

Kafin ki kwanta yau, ki ware minti goma. Ki canza kalmar sirrin Gmail, ki duba na'urorin da ke maƙale da asusunki na Google da na WhatsApp, ki sa wa layinki PIN, sannan ki share tarihi da kash. Gobe ki nuna wa babbar 'yarki, da kishiya ko maƙwabciyar da ba ta iya karanta Turancin wayar ba. Idan kina da tambaya ki rubuto a ƙasa, ki faɗi irin wayarki kawai, ban da lambar waya ko NIN. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.